Anne Boleyn: An Sauya Dokar Ƙasa Don a Aure Ta, da Dokar Kuma Aka Kashe Ta

Da safiyar Juma'a, ranar 19 ga watan Mayu na shekarar 1536, aka fito da wata mata daga inda take tsare a Hasumiyar Landan, aka hau da ita kan wani dandamalin katako, sannan wani hauni da aka ɗauko takanas daga garin Calais, a tsallaken teku, ya fille mata kai da takobi a sara guda. Shekara uku kafin wannan rana, a cikin wannan hasumiya ta kwana tana jiran a naɗa ta sarauniyar Ingila, kuma ɗakunan da aka gyara aka ƙawata domin bikin naɗin nata su ne suka zame mata kurkuku. Sunanta Anne Boleyn, ta biyu cikin mata shida da Sarki Henry na Takwas ya aura ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce matar sarkin Ingila ta farko da aka yanke wa hukuncin kisa aka zartar.

Galibi ana ba da labarinta a matsayin soyayyar da ta rikiɗe ta koma ƙiyayya, ko kuma labarin amaryar da ta fitar da uwargida, daga baya ita ma wata ta fitar da ita. Akwai gaskiya a cikin duka biyun, amma a ganina ba su taɓo jijiyar al'amarin ba. Kafin Henry ya samu damar auren Anne, sai da ya rushe duk wata hukuma da ke da ikon ce masa a'a, ya haɗa sarauta da shugabancin addini da maƙurar shari'a a hannunsa shi kaɗai. Ranar da ya juya mata baya, ba ta da sauran ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, domin an toshe su duka tun lokacin da ake share mata hanyar shiga fada.

Bahaushen da ya ji wannan labari, tambayar farko da zai yi ita ce, in dai ɗa namiji sarkin yake nema, me ya hana shi ƙaro mata? Amsar tana cikin dokar cocin Katolika, wadda kusan dukkan Yammacin Turai ke bi a wancan zamani. Mace ɗaya ake aure, kuma babu saki. Hanya ɗaya tak da mutum zai rabu da matarsa ya auri wata ita ce ya tabbatar wa kotun coci cewa auren tun asali bai ɗauru ba, kuma idan maganar ta shafi sarki, Fafaroma ne a Roma ke da kalmar ƙarshe. Shi kansa Martin Luther, wanda ya yi wa Fafaroma tawaye a Jamus, da aka nemi ra'ayinsa a 1531, cewa ya yi gara sarkin ya ƙara aure kamar yadda magabata na Tsohon Alkawari suka yi, da ya yi watsi da matarsa. Amma Henry ba ya son magajin da za a yi jayayya a kan halascinsa, saboda haka ya nace sai an ce auren farko babu shi.

Damuwarsa game da magaji tana da tushe. Gidan sarautar Tudor sabo ne, domin a fagen yaƙin Bosworth mahaifinsa ya ƙwaci gadon a 1485, bayan shekara talatin da gidajen sarauta biyu suka yi suna kashe juna. Henry ya hau mulki a 1509, kuma a shekarar ya auri Catherine ta Aragon, 'yar sarakunan Spaniya, wadda ta taɓa auren yayansa Arthur na 'yan watanni kafin ya rasu a 1502. Sai da Fafaroma Julius na Biyu ya ba da izini na musamman kafin a ɗaura wannan aure. Catherine ta yi ta samun ciki, amma ɗan da ta haifa ranar sabuwar shekara ta 1511 kwana 52 kawai ya yi a duniya, kuma 'ya mace ɗaya, Mary, da aka haifa a 1516, ita kaɗai ta rayu. Ingila ba ta taɓa zama lafiya a ƙarƙashin mace mai mulki ba, kuma ba a manta da yaƙin basasar da ya ɓarke a ƙarni na 12 ba, lokacin da wani sarki ya bar wa 'yarsa Matilda gado. A Littafin Firistoci, sura ta 20, aya ta 21, Henry ya samu abin da yake nema, inda aka ce wanda ya auri matar ɗan'uwansa ba za su samu 'ya'ya ba. Ya gamsar da kansa cewa fushin Allah ne ya hana shi ɗa namiji, kuma babu Fafaroman da ke da ikon halatta abin da Allah ya haramta.

A cikin wannan hali Anne ta bayyana. Asalin arzikin gidansu daga kasuwanci ne, domin kakan mahaifinta, Geoffrey Boleyn, attajiri ne da ya zama magajin garin Landan a 1457, amma mahaifiyarta 'yar gidan Howard ce, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarakunan gargajiyar ƙasar. Mahaifinta Thomas Boleyn jakada ne da ya ƙware a Faransanci, kuma shi ya samar mata gurbi a 1513 a fadar Margaret ta Austriya da ke Mechelen, a ƙasar Beljiyam ta yau. Daga can ta wuce Faransa, inda ta yi kusan shekara bakwai tana hidima wa Sarauniya Claude. Ta dawo Ingila wajen farkon 1522 da abin da 'yan matan fadar Landan ba su da shi, wato harshen Faransanci tamkar 'yar ƙasa, iya kiɗa da rawa da ado, kaifin baki wajen muhawara, da kuma sha'awar sabon tunanin gyaran addini da ke yaɗuwa a Turai. Waɗanda suka gan ta da idonsu ba su cika yabon kyawunta ba in ban da baƙaƙen idanunta da dogon gashinta. Hankalinta da iya zancenta ne suka fi jan mutane.

Wajen 1526 idon sarki ya faɗa kanta. Henry ya riga ya yi zaman dadiro da 'yar'uwarta Mary Boleyn ya rabu da ita, kuma Anne ta ga yadda wannan ya ƙare, saboda haka ta ƙi yarda da komai in ba aure ba. Wasiƙu 17 da ya rubuta mata da hannunsa suna nan har yau, a ɗakin karatu na fadar Vatican, kuma duk wanda ya san yadda Henry ya tsani zaman rubutu zai gane nauyin abin da ke ransa. Buƙatar magaji da son Anne suka haɗu suka zama abu ɗaya. Da a wani lokaci ne daban, mai yiwuwa Fafaroma ya biya masa buƙata, domin an sha warware auren sarakuna kafin nan. Sai dai a watan Mayun 1527 sojojin Sarkin Sarakuna Charles na Biyar suka afka wa birnin Roma suka wawashe shi, Fafaroma Clement na Bakwai ya koma tamkar fursuna a hannunsu, shi kuwa Charles ɗan yayar Catherine ne, kuma ba zai zura ido a wulaƙanta ƙanwar mahaifiyarsa ba. Kotun da aka kafa a Blackfriars da ke Landan a 1529 ta watse ba tare da hukunci ba, bayan Catherine ta durƙusa a gaban mijinta a bainar jama'a ta rantse cewa budurwa ya same ta, sannan ta ɗaukaka ƙara zuwa Roma. Kadinal Wolsey, wanda ya shekara goma sha biyar yana riƙe da ƙasar kamar waziri, ya rasa muƙaminsa saboda wannan gazawa, ya mutu a hanya a 1530 ana tafe da shi Landan don fuskantar tuhuma.

Shekara shida aka kwashe ana wannan ja-in-ja, kuma a cikinsu ne maganar ta tashi daga batun aure ta koma batun wane ne ke da iko a Ingila. Anne tana cikin waɗanda suka tura sarki zuwa ga amsar. An ruwaito cewa ita ta nuna masa wani littafi na William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, wanda ke koyar da cewa sarki ba ya ƙarƙashin kowa sai Allah. Mutum biyu suka mayar da wannan tunani aiki. Thomas Cranmer, malamin jami'ar Cambridge da ke da kusanci da gidan Boleyn, ya zama babban bishop na Canterbury a watan Maris na 1533. Thomas Cromwell kuwa, ɗan talaka da ya taso a hannun Wolsey, shi ya tsara dokokin da Majalisa ta zartar. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce dokar 1533 da ta haramta ɗaukaka ƙara zuwa Roma, wadda ta bayyana Ingila a matsayin daula mai cin gashin kanta da ba ta amsa wa wata kotu ta waje. Da wannan doka aka datse hanyar Catherine. Henry ya riga ya auri Anne a ɓoye ranar 25 ga Janairu, tana ɗauke da ciki, Cranmer ya rushe auren farko ranar 23 ga Mayu, aka kuma naɗa Anne a cocin Westminster ranar 1 ga Yuni, da kambin da aka saba ɗora wa sarki mai mulki.

Ranar 7 ga Satumba ta haihu a fadar Greenwich, aka samu 'ya mace, Elizabeth. An riga an rubuta takardun albishir da kalmar yarima, sai da aka gyara ta zuwa gimbiya. Wani cikin da ta samu a 1534 bai zo da rai ba. A wannan shekara Majalisa ta zartar da dokoki uku da suka sauya fuskar ƙasar: ɗaya ta mayar da gado ga 'ya'yan Anne tare da tilasta wa jama'a rantsuwa a kai, ɗaya ta naɗa sarki shugaban cocin Ingila, ta ukun kuma ta faɗaɗa ma'anar cin amanar sarki har ta haɗa da furucin baki. Daga wannan lokaci, mutum zai iya rasa kansa saboda ya ambaci mutuwar sarki da fatar baki ko ya kira shi azzalumi. A 1535 aka kashe wasu 'yan zuhudu, aka kashe Bishop John Fisher, aka kashe Thomas More, tsohon shugaban ma'aikatan shari'ar ƙasar, duk saboda sun ƙi amincewa da sabon tsarin. Jama'a da dama sun ɗora wa Anne alhakin wannan jini, kuma talakawa, musamman mata, ba su taɓa daina ɗaukar Catherine a matsayin sarauniyarsu ta gaskiya ba.

Ba zan wanke Anne daga kowane laifi ba. Tana da zafin rai da baki mai yanka, ta yi faɗa da kawunta Duke na Norfolk, kuma ta gallaza wa agolarta Mary, wadda aka tuɓe wa muƙamin gimbiya aka tura ta zama cikin masu hidimar jaririya Elizabeth. Sai dai abin da ya faru bayan mutuwar Anne ya nuna inda tushen wannan gallazawa yake, domin Henry bai sassauta wa Mary ba sai da ya tilasta mata sa hannu, a watan Yunin 1536, cewa auren mahaifiyarta haram ne. Anne kuma ta yi amfani da matsayinta a abin da ta yi imani da shi. Ta raba sadaka mai yawa, ta ɗauki nauyin ɗalibai a jami'a, ta kare masu shigo da littattafan addini na Turanci, ta kuma taimaka wa malamai masu ra'ayin gyara irin su Hugh Latimer suka zama bishop-bishop. Halin da ya burge Henry a lokacin neman aure, wato mace mai ja da shi a magana, shi ne ya fara gundurarsa da ta zama matar gida.

Watan Janairun 1536 ne ya karya ta. Ranar 7 ga wata Catherine ta rasu a Kimbolton, kuma wannan mutuwa da aka yi murna da ita a fada, a zahiri garkuwa ta ɗauke wa Anne, domin muddin Catherine tana raye, rabuwa da Anne na nufin duniya za ta ce sarki ya koma wa matarsa ta fari. Ranar 24 ga wata Henry ya faɗo daga doki a wasan sukuwa da mashi, faɗuwar da ta tuna wa kowa cewa sarkin yana da shekara 44 kuma ba shi da ɗa na halak. Ranar 29, wato ranar da aka binne Catherine, Anne ta yi ɓarin ɗa namiji. A lokacin Henry ya riga ya fara neman Jane Seymour, ɗaya daga cikin matan da ke yi wa Anne hidima, kuma masu ƙaunar tsohon tsari da magoya bayan Mary suka taru a bayan Jane suna koya mata abin da za ta faɗa.

Duk da haka, da Cromwell yana tare da ita, da wuya ta faɗi da irin wannan sauri. Abu biyu suka raba su. Na farko shi ne dukiyar gidajen zuhudu, domin a watan Maris Majalisa ta amince a rufe ƙananan gidajen da kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba, Cromwell yana son dukiyar ta shiga baitulmalin sarki, ita kuwa Anne tana son a karkatar da ita ga ilimi da taimakon matalauta. Ranar 2 ga Afrilu limaminta John Skip ya yi wa'azi a gaban sarki da 'yan majalisarsa, ya kawo ƙissar Haman, mugun waziri da Sarauniya Esta ta tona wa asiri har aka rataye shi, kuma babu wanda bai gane wa ake yi wa hannunka mai sanda ba. Na biyu shi ne siyasar waje, domin Cromwell yana neman sulhu da Charles na Biyar, ita kuma Anne da 'yarta su ne ƙashin da ya tsaya a maƙogwaron wannan sulhu. Jakadan Charles a Landan, Eustace Chapuys, ya rubuta daga baya cewa Cromwell da bakinsa ya gaya masa shi ya ƙulla al'amarin.

Abin da ya rage shi ne hujja, kuma Anne da kanta ta miƙa bakin zaren. A ƙarshen watan Afrilu ta yi sa'insa da Henry Norris, bafaden da ya fi kowa kusanci da sarki, ta tambaye shi dalilin da ya sa yake jan ƙafa a kan aurensa, sannan cikin fushi ta ce masa gadon mamaci yake jira, wato da wani abu zai samu sarki, ita zai nema. Norris ya firgita, domin ya san dokar 1534, ita ma nan take ta gane kuskurenta ta nemi gyarawa, amma maganar ta riga ta fita. Baki shi ke yanka wuya. Ranar 30 ga Afrilu aka kama Mark Smeaton, wani makaɗin fada ɗan talaka, aka kai shi gidan Cromwell, washegari ya amsa cewa ya kwana da sarauniya, kuma an yi ta raɗe-raɗin cewa azaba aka gana masa. Ranar 1 ga Mayu sarki ya tashi tsam daga wajen wasan sukuwa a Greenwich ya tafi, bai sake ganin matarsa ba. A hanya ya yi wa Norris tayin afuwa in ya amsa laifi, Norris ya ƙi. Ranar 2 ga Mayu aka kai Anne Hasumiya, aka kai ɗan'uwanta na ciki ɗaya George, daga baya aka haɗa da Francis Weston da William Brereton. Matan da aka sa su zauna da ita 'yan leƙen asiri ne, kuma duk abin da ta faɗa cikin ruɗani, tana kuka tana dariya, sai shugaban Hasumiyar, William Kingston, ya rubuta wa Cromwell. Ta haka sunan Weston ya shiga.

Tuhumar ita ce zina da maza biyar, ciki har da ɗan'uwanta, da kuma ƙulla makircin kashe sarki. Wannan ta ƙarshe ce ta mayar da shari'ar ta cin amana, domin zinar mace, ko da sarauniya ce, al'amari ne na kotun coci da ba a kisa a kansa. Takardar tuhuma ta jero ranaku da wurare, kuma a nan ƙaryar ta bayyana. Masanin tarihi Eric Ives ya bi ranakun ɗaya bayan ɗaya ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu ba za su yiwu ba, saboda a ranar da aka ambata ko dai Anne tana wani gari, ko namijin ba ya nan. An ce, alal misali, ta sadu da Norris a Westminster a watan Oktoban 1533, alhali a lokacin tana Greenwich tana jego, wata guda da haihuwa. Sarauniyar Ingila ba ta kwana ita kaɗai, ba ta taka ko'ina babu 'yan rakiya, saboda haka irin wannan laifi ba ya yiwuwa sai da haɗin bakin wata mace, amma ba a tuhumi mace ko ɗaya tare da ita ba. Ba a ba waɗanda ake tuhuma lauya ba, kamar yadda dokar cin amana ta tanada, ba a kuma gabatar da shaidu a gabanta ba. Shi kansa Chapuys, wanda ya tsane ta har ba ya kiranta sai da sunan ƙwarƙwara, ya rubuta wa ubangidansa cewa in ban da makaɗin, an yanke wa mutanen hukunci ne a kan zato, babu hujja ingantacciya kuma babu iƙirari.

An yi wa mazan huɗu shari'a ranar 12 ga Mayu, mahaifin Anne yana cikin waɗanda suka zauna a kai, kuma da aka same su da laifi, nata hukuncin ya riga ya tabbata. An sallami ma'aikatan gidanta tun kafin ta gurfana. Ranar 15 ga Mayu aka gurfanar da ita da George a cikin Hasumiya, a gaban manyan sarakunan ƙasar 26 da 'yan kallo wajen 2,000, kawunta Norfolk yana shugabanta. Ta amsa kowace tuhuma cikin natsuwa. George ya kare kansa da irin ƙwarewar da ta sa 'yan kallo suka yi zaton za a sake shi, amma da aka miƙa masa wata takarda aka ce ya karanta a zuci, sai ya karanta da ƙarfi, kuma abin da ke ciki shi ne zargin cewa Anne ta ce sarki ba shi da ƙarfin biya wa mace buƙata. Dukkan alƙalan suka ce mai laifi ce, har da Henry Percy, wanda ya taɓa neman aurenta a ƙuruciya, wanda kuma ya yanke jiki ya faɗi bayan hukuncin.

Masana sun rabu a kan wanda ya fi ɗaukar alhaki. Ives ya jingina shi ga Cromwell da rikicin ɓangarorin fada, wasu sun ce suɓutar baki ce ta girma ta fi ƙarfin kowa, G. W. Bernard kuma ya tsaya kusan shi kaɗai a kan cewa mai yiwuwa ta aikata wani sashe na abin da aka zarge ta. Ni dai ina ganin duk yadda aka juya maganar, a ƙofar Henry take tsayawa. Cromwell bawan sarki ne da ya ga abin da ya samu Wolsey, ba zai taɓa matar ubangidansa ba sai ya tabbata abin da ubangidan ke so ke nan. Halin sarkin a waɗannan kwanaki ma shaida ne, domin ya dawo da Jane kusa da fadarsa a bakin kogin Thames, yana zuwa liyafa da kiɗa cikin dare, kuma a safiyar shari'ar ya aika mata cewa kafin la'asar za a yanke hukunci. Ranar 17 ga Mayu, ranar da aka sare kawunan mazan biyar, Cranmer ya zartar cewa auren Henry da Anne bai taɓa ɗauruwa ba. Matar da ba ta da aure ba za ta ci amanar miji ba, amma babu kotun da ta rage a duniya da za a kai wa wannan tufka da warwara. Catherine tana da Fafaroma da Sarkin Sarakuna a bayanta, shi ya sa ta yi shekaru tana turjiya ta kuma mutu a kan gadonta. Anne ba ta da kowa sai Henry, kuma daga kama ta zuwa kashe ta kwana 17 ne.

Kwana ɗaya kafin a kashe ta, ta karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki ta ibadar Kirista, ta rantse a gaban Kingston, kafin karɓa da bayan karɓa, cewa ba ta taɓa cin amanar mijinta ba, kuma ga mai imani irin nata wanda ke dab da haɗuwa da Mahaliccinsa, wannan rantsuwa tana da nauyi ƙwarai. A kan dandamali ba ta zargi kowa ba, ta yi wa sarki addu'a ta yabe shi, kamar yadda al'adar waɗanda za a kashe ta tanada, musamman masu barin 'ya'ya a hannun wanda ya hukunta su. Amma ba ta amsa laifi ba, ta kuma roƙi duk wanda zai duba al'amarinta ya yi mata kyakkyawan zato. Ba a tanadi akwatin gawa ba, sai a cikin wani akwatin kayan kwari da baka aka sa ta, aka binne ta a ƙaramin cocin St Peter da ke cikin Hasumiyar. Washegari aka yi baikon Henry da Jane, ranar 30 ga Mayu aka ɗaura aure.

Nan da nan aka shiga share sawunta. Aka kankare haruffan sunanta da tambarinta na shaho daga bangon fadoji, ko da yake ma'aikata sun tsallake wasu a Hampton Court, kuma surarta guda da aka tabbatar an yi tana raye ita ce ta jikin wata lambar dalma ta 1534. Majalisa ta bayyana Elizabeth, wadda ba ta cika shekara uku ba, a matsayin shegiya. Jane ta haifi ɗan da ake nema, Edward, a watan Oktoban 1537, ta rasu kwana 12 bayan haihuwar. Tsarin da ya ci Anne bai tsaya a kanta ba, domin a 1540 ya ci Cromwell, wanda ko shari'a ba a yi masa ba, a 1542 kuma ya ci Catherine Howard, matar Henry ta biyar kuma 'yar kawun Anne. Edward ya yi shekara shida a kan gado ya rasu yana ɗan shekara 15, Mary ta yi shekara biyar ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Roma ta kuma ƙona Cranmer, sannan a watan Nuwamban 1558 gadon ya faɗo hannun 'yar Anne, wadda ta riƙe shi shekara 44.

Elizabeth ba ta cika ambaton mahaifiyarta ba, ba ta kuma sa Majalisa ta halatta auren ba kamar yadda Mary ta yi wa tata uwar, domin tono maganar zai taɓa mutuncin uban da ta gaji sarauta daga gare shi. Ayyukanta ne suka yi magana. Ta jawo danginta na wajen uwa kusa, ta ɗauki tambarin shahon, ta kuma naɗa Matthew Parker babban bishop na Canterbury a 1559, shi kuwa Parker limamin Anne ne, wanda ya ce kwanaki kaɗan kafin a kama ta ta ba shi amanar 'yarta. Akwai wani zobe na Elizabeth da ke buɗewa, a cikinsa akwai fuskarta da ta wata mata da ake kyautata zaton Anne ce. A wannan zamani ne sunan Anne ya zama fagen yaƙin addini, inda marubucin Furotesta John Foxe ya ɗaukaka ta a matsayin uwar gyaran addini, yayin da Nicholas Sander, ɗan Katolika da ke gudun hijira, ya yaɗa a wani rubutu da aka buga a 1585 cewa tana da yatsa shida da ƙari a wuya, alhali babu wanda ya san ta da ya taɓa ambaton yatsa na shida. Maganar maita da ake yawan jingina mata ita ma ba ta cikin takardar tuhumarta.

Cocin da aka ɓalle daga Roma domin aurenta, wanda 'yarta ta kafa da gindinsa a 1559, shi ne cocin Angilikan, wanda mishan suka kawo Nijeriya a ƙarni na 19 har ya iso Wusasa ta Zariya, kuma har yau sarkin Ingila ne ke riƙe da muƙamin shugabansa a Ingila. A 1876, lokacin Sarauniya Victoria, aka tona daɓen cocin St Peter domin gyara, aka samu ƙasusuwan wata mata a kusa da bagadi, likitan da ya duba su ya ce sun dace da siffar Anne, aka sake binne su aka shimfiɗa dutse mai ɗauke da sunanta da muƙamin sarauniya. Shekaru da dama ke nan, duk ranar 19 ga Mayu ana kawo kwandon jajayen furanni a ajiye a kan wannan dutse, ba tare da an rubuta sunan mai aikowa ba.